Yadda Aka Fara Kashe Zafi a Ɗakin Tiyata

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin aron kalmomi ya san cewa "tiyata" baƙuwa ce a Hausa. Daga Turanci aka aro ta, kuma a can ma'anarta ta farko ita ce dandalin da jama'a ke taruwa su kalli wasan kwaikwayo. Abin da ba kasafai ake tsayawa a yi mana bayaninsa a aji ba shi ne yadda ɗakin da ake yanka mara lafiya ya ci sunan gidan kallo. A manyan asibitocin Turai da Amurka na ƙarni na 18 da na 19, ɗakin fiɗa gidan kallo ne na gaske. Ga tebur a tsakiya, ga benci hawa-hawa sun kewaye shi, ga ɗaliban likitanci sun cika maƙil suna leƙen abin da malaminsu yake yi. Galibi a ƙololuwar bene ake gina shi domin hasken rana ya shigo ta rufi, wasu kuma suka ce har da gudun kada sauran majiyyata su ji ihun wanda ake yi wa aiki. Ita kuwa kalmar "fiɗa" Hausa ce tsantsa, daga aikin mahauta aka ɗauko ta, kuma ni da na koyi Hausa a aji sai da gabana ya faɗi ranar da na fara jin an ce za a yi wa mutum fiɗa.

A wannan maƙala zan bi diddigin yadda ihun nan ya yanke. Ranar da aka fi ambata ita ce 16 ga Oktoba, 1846. To amma tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce: sinadaran da aka yi aikin da su sun daɗe a hannun mutane, ɗaya shekara ɗari uku, ɗaya sama da shekara saba'in. Me ya hana a yi amfani da su tun tuni?

Kafin 1846

A ƙasar Hausa wanzami ne ke yin kaciya da ƙaho da cire beli. Haka abin yake a Ingila ta dā, domin a 1540 Sarki Henry na takwas ya haɗe wanzamai da masu fiɗa cikin ƙungiya guda, ba su rabu ba sai a 1745. Ko bayan da fiɗa ta zama sana'ar masu ilimi, abin da ake auna gwani da shi bai wuce saurin hannu ba. Robert Liston na birnin Landan ya yi suna ne saboda yana iya yanke ƙafa cikin abin da bai kai minti uku ba, ƙarti suna danne da mai ƙafar. Ciki da ƙirji kuwa kusan ba a taɓa su, sai yanke gaɓa, da ciro tsakuwa daga mafitsara, da cire ƙarin da yake kusa da fata. An ƙididdige cewa babban asibitin jihar Massachusetts da ke Boston ya yi aikin fiɗa 333 ne kacal daga 1821 zuwa 1846, wato kimanin ɗaya a wata. Mutane sun gwammace su zauna da cutarsu har ta kashe su.

Mai son ya san yadda abin yake daga bakin wadda ta ɗanɗana, sai ya nemi labarin marubuciyar Ingila Fanny Burney. A 1811 aka yanke mata nono a birnin Paris saboda zargin sankara, a hannun Dominique Larrey, babban likitan sojojin Napoleon. Ba a ba ta komai ba sai ɗan ruwan inabi, aka rufe mata fuska da ƙyalle mai shara-shara wanda take hango ƙyallin wuƙar ta cikinsa. Aikin ya ɗauki kusan minti ashirin idonta biyu. Ta rayu har 1840, amma sai da ta yi watanni kafin ta iya kammala wasiƙar da ta ba 'yar'uwarta labarin a ciki. Shi ma Charles Darwin likitanci aka tura shi ya karanta a Edinburgh. Ya shiga kallon fiɗa sau biyu, ɗaya a kan ƙaramin yaro, ya fice da gudu kafin a gama, bai sake komawa ba.

Magungunan mutanen dā

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen dā zuba ido suka yi. An san ofiyom tun dubban shekaru, an san giya, an san ganyen da Larabawa ke kira banj, wanda har yau da sunansa suke kiran maganin sa barci na asibiti. Ibn Sina (980 zuwa 1037) ya yi bayanin magunguna masu kashe ji a littafinsa Alƙanun, ya sa ofiyom a gaba wajen ƙarfi. Littattafan likitanci na tsakiyar zamani sun kawo bayanin wani soso da ake jiƙawa da ruwan waɗannan tsirrai, a shanya, in za a yi aiki a sake jiƙa shi a kanga wa majiyyaci a hanci.

Wanda ya fi burge ni a wannan rukuni shi ne likitan ƙauye ɗan ƙasar Japan, Hanaoka Seishu. Ya shafe kusan shekara ashirin yana gwada haɗe-haɗen tsirrai, kuma ana ba da labarin cewa matarsa ta rasa ganinta a sanadiyyar gwajin da ta yarda a yi a kanta. Ranar 13 ga Oktoba, 1804, ya shayar da wata mata 'yar shekara 60 haɗin nasa, ta yi barci mai nauyi, ya cire mata sankarar nono. Babban abin da ke cikin haɗin kuwa tsiron nan ne da Hausawa suka sani sarai, wato zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Hanaoka ya yi wa mata sama da 150 irin wannan aiki, amma a zamanin Japan ta rufe ƙofarta ga baƙi, don haka duniya ba ta ji labari ba. A nahiyarmu ma, wani Bature ɗalibin likitanci mai suna Robert Felkin ya shaida aikin ciro jariri daga ciki a masarautar Bunyoro, cikin Yuganda ta yau, a 1879. Da giyar ayaba aka gusar wa matar da hankali, da ita kuma aka wanke cikin da hannun mai aikin, uwa da ɗa duk suka rayu.

Matsalar duk waɗannan ita ce awo. Abin da aka sha ya riga ya shiga ciki, ba a iya janye shi. Ƙarfin ganye yakan bambanta daga gona zuwa gona, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai sa barci da abin da zai kashe mutum ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda zaƙami ke yi da matashin da ya sha shi zai fahimci dalilin da ya sa Hanaoka ya ɓata shekara ashirin. Abin da ake shaƙa ta hanci shi ne ya warware wannan, domin ana iya ƙarawa, ana iya dakatarwa, huhu kuma ya fitar da shi.

Shekarun da aka yi asara

A 1540 wani Bajamushe, Valerius Cordus, ya bayyana yadda ake haɗa wani ruwa mai saurin tashi wanda daga baya aka raɗa wa suna eta. A wajen wannan lokaci Paracelsus ya lura cewa idan kaji suka sha shi sukan yi barci su farka lafiya. Ita kuwa iskar da ake kira iskar sa dariya, Joseph Priestley ne ya gano ta a 1772. Wani saurayi, Humphry Davy, ya yi ta shaƙarta a birnin Bristol, ya ga ta ɗauke masa ciwon haƙori, har ya rubuta a littafinsa na 1800 cewa mai yiwuwa ta yi amfani a aikin fiɗar da ba a zubar da jini da yawa. Ga magana a fili, a littafin mutumin da daga baya ya zama shugaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, amma aka yi shekara 44 babu likitan da ya ɗauka. Wani matashin likita, Henry Hickman, ya gwada sumar da dabbobi da iska a 1824 ya yi musu aiki ba tare da sun motsa ba. Ya nemi a saurare shi a Landan da Paris, aka yi biris da shi, ya mutu a 1830 yana ɗan shekara 30.

A tsawon wannan lokaci me ake yi da sinadaran biyu? Shagali. Ɗalibai kan taru su shaƙi eta su yi ta tangaɗi, masu wasan tashe na can kuma suna yawo gari-gari suna karɓar kuɗi, su ba mutane iskar dariya su yi ta shirme 'yan kallo na tuntsurawa. Wannan kaɗai ya isa ya sa babban likita ya ƙi kallon abin da mutunci, kayan maye ne a idonsa. Bayan haka, likitoci da yawa sun yi imani cewa zafi yana da amfani, yana zaburar da jiki ya hana majiyyaci sulalewa ya mutu. Shahararren likitan Faransa Alfred Velpeau ya rubuta a 1839 cewa neman fiɗa marar zafi mafarki ne da bai kamata a ci gaba da bi ba. A ganina, gaskiyar magana ita ce wanda ya saba da ihu tun yana ɗalibi yakan daina jin sa a matsayin matsala. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, mai ɗakin kuwa a nan shi ne wanda aka danne a kan tebur, kuma ba shi da ta cewa.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga cewa likitocin haƙori ne suka ɓalle ƙofar. Wanda ƙafarsa ta ruɓe ba shi da zaɓi, dole ya kwanta. Mai ciwon haƙori kuwa yana iya fasawa ya koma gida da kuɗinsa a aljihu. Likitan haƙori ne kaɗai zafin majiyyaci yake taɓa wa tukunyar miya.

Mutum huɗu, daraja ɗaya

Na farko a cikinsu shi ne Crawford Long, likitan wani ƙaramin gari mai suna Jefferson a jihar Jojiya. Ya lura cewa abokansa sukan ƙuje a wajen shagalin eta ba su ji ba. Ranar 30 ga Maris, 1842, ya shaƙa wa James Venable eta a tawul ya cire masa ƙari a wuya. Sai dai bai buga labarin ba sai 1849, bayan an gama rabon suna.

Na biyu shi ne Horace Wells, likitan haƙori a garin Hartford. A daren 10 ga Disamba, 1844, ya je kallon wasan iskar dariya, ya ga wani saurayi ya buge ƙafarsa da benci har jini, amma bai san ya ji ciwo ba. Washegari Wells ya shaƙi iskar ya sa abokin aikinsa ya cire masa haƙori. A watan Janairun 1845 ya tafi Boston ya nuna wa ɗaliban likitanci, amma da ya ja haƙorin sai majiyyacin ya yi ƙara. Ɗalibai suka yi masa ihu suna kiran abin damfara, ko da yake mutumin ya ce daga baya bai ji wani zafin kirki ba. Wells bai sake farfaɗowa daga wannan kunya ba.

Na uku tsohon abokin sana'ar Wells ne, William Morton, na huɗu kuma malamin kimiyyar sinadarai Charles Jackson, wanda Morton ya nemi shawararsa game da eta. Bayan ya gwada a kan wani mai ciwon haƙori a ƙarshen Satumba, Morton ya samu izinin nunawa a ɗakin kallon asibitin Massachusetts. Ranar 16 ga Oktoba, 1846, ya iso a makare riƙe da tulun gilashi mai soso a ciki. Majiyyacin wani matashi ne mai aikin ɗab'i, Gilbert Abbott, mai ƙari a ƙarƙashin muƙamuƙi. Mai wuƙar kuma dattijo John Collins Warren, wanda shi ne ya ba Wells dama a baya. Abbott ya shaƙa, ya yi luf, aka yanka. Da ya farka ya ce ya ji kamar ana kankare masa wuya ne kawai. An ruwaito cewa Warren ya juya ya ce wa 'yan kallo wannan kam ba damfara ba ce.

Morton bai zo da sabon sinadari ba, kuma ba shi ya fara ba. Abin da ya samu wanda Hanaoka da Long ba su samu ba shi ne shaidu masu faɗa a ji da kuma mujallar da ta buga labarin bayan kimanin wata guda. Daga nan sai kwaɗayi ya shigo. Ya zuba wa etar turare da launi, ya raɗa mata suna Letheon, ya karɓi takardar mallakar fasaha a watan Nuwamba don duk mai amfani da ita ya biya shi. Warin eta ba ya ɓuya, likitoci suka gane, kuma suka ƙi biya. Ragowar rayuwarsa a Majalisar Dokokin Amurka ta ƙare yana neman lada, Jackson da magoya bayan Wells suna tare masa hanya. Wells ya kashe kansa a gidan yari a birnin New York a 1848 yana da shekara 33, Morton ya mutu cikin talauci a 1868, Jackson kuma ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1880. Long ne kaɗai ya ci gaba da duba marasa lafiyarsa cikin rufin asiri.

Ga mu ɗaliban harshe akwai wani abin lura. Sabon abu ya zo ba shi da suna, sai likita kuma marubuci Oliver Wendell Holmes ya aika wa Morton wasiƙa ranar 21 ga Nuwamba, 1846, ya ba da shawarar kalmar anastisiya, daga Girkanci, ma'ana rashin ji. Wato su ma Turawa sai da suka yi aro, don haka babu abin jin kunya idan muna ta kai-komo tsakanin "maganin sa barci" da "kashe zafi".

Kulorofom da batun awo

Labari ya tsallaka teku a jirgin ruwa, ranar 21 ga Disamba Liston mai saurin hannu ya yanke ƙafar wani mutum a Landan yana barci. Amma eta tana da wari, tana sa amai, tana kuma kama wuta a zamanin da ake aiki da fitilar mai. James Young Simpson, malamin ilimin haihuwa a Edinburgh, ya shiga neman madadi ta hanyar da babu hukumar da za ta yarda da ita a yau: shi da abokansa biyu su zauna bayan cin abincin dare su yi ta shaƙar sinadarai. Ranar 4 ga Nuwamba, 1847, suka shaƙi kulorofom, sai farkawa suka yi suka gan su a ƙarƙashin tebur. Ba a yi wata uku ba ya yi kisan farko. Hannah Greener, yarinya 'yar shekara 15, ta mutu ranar 28 ga Janairu, 1848, a wajen cire mata farcen ƙafa.

Wanda ya mayar da abin ilimi shi ne John Snow, wanda aka fi sani da gano cewa ruwan sha ne ke yaɗa kwalara a Landan a 1854. Ya rarraba matakan barcin hawa biyar, ya ƙera na'urar da ke auna yawan tururin da ke shiga huhu, ya bi bayanan waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya ba Sarauniya Victoria kulorofom ranar 7 ga Afrilu, 1853, a haihuwar ɗanta na takwas, ya sake ba ta a 1857. Ana yawan cewa malaman coci sun yaƙi kashe zafin naƙuda. Gaskiya ne Simpson ya rubuta ɗan littafi yana mayar da martani ga masu kafa hujja da addini, amma masu binciken tarihi na baya-bayan nan sun tarar cewa yawancin sukar daga likitoci 'yan'uwansa ta fito. Mujallar likitoci ta Lancet ma sai da ta soki abin da aka yi wa Sarauniya.

Wa aka ba, wa aka hana

Nan ne labarin yake da ɗaci. Samuwar magani ba ta sa kowa ya samu ba. Masanin tarihi Martin Pernick ya bi kundin asibitin Pennsylvania ya tarar cewa daga 1853 zuwa 1862 kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yanke wa gaɓa saboda karaya, ido biyu aka yi musu. Likitocin zamanin sun ɗauka cewa mata masu hali sun fi kowa jin zafi, leburori da mashaya da baƙar fata kuwa fatarsu ta yi kauri.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na yoyon fitsari, larurar da har yanzu take addabar mata da yawa a Arewacin Nijeriya. J. Marion Sims, wanda ake dangantawa da gano hanyar ɗinke ta, ya koyi aikin ne a jikin bayi mata a jihar Alabama daga 1845 zuwa 1849. Sunayen uku kawai aka sani, Anarcha da Betsey da Lucy, kuma Anarcha ita kaɗai an yi mata aiki kusan sau 30, duk babu maganin barci. Masu kare shi suna cewa ya fara kafin eta ta bayyana, kuma likitoci da yawa ba su amince da ita nan take ba. Haka ne. Amma ya ci gaba har shekara uku bayan duniya ta ji labarin Boston, kuma baiwa ba ta da ikon cewa a'a. A 2018 aka ɗauke gunkinsa daga babban lambun shaƙatawa na birnin New York. Irin wannan tunani bai tsaya a ƙarni na 19 ba, domin har cikin shekarun 1980 ana yi wa jarirai sabbin haihuwa tiyata da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na kashe zafi, bisa zaton cewa ba su ji, sai binciken da aka buga a 1987 ya rushe wannan zato.

Akwai kuma wata illa da ba a zata ba. Da ihu ya yanke, likitoci suka samu sararin daɗewa a cikin rauni da hannu marar wanki, sai ruɓewar rauni ta ci gaba da kwasar rayuka, har Joseph Lister ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a 1867.

Zuwan allura

A asibitocinmu "allurar barci" aka fi cewa, amma eta da iskar dariya da kulorofom da na kawo a sama duk shaƙa ake yi. Sirinjin allura bai samu ba sai 1853. Kashe sashen jiki kaɗai, mutum yana farke, ya fara ne a 1884, lokacin da Carl Koller, matashin likitan ido a birnin Vienna, ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo sannan a nasa, ya taɓa da tsinin allura bai ji ba. Allurar ƙashin baya da ake yi wa mata a wajen ciro jariri kuwa, August Bier ne ya fara ta a birnin Kiel na Jamus a watan Agustan 1898. Bayan majiyyata shida, shi da mataimakinsa Hildebrandt suka yanke shawarar gwadawa a kan junansu. Ta Bier ba ta yi ba, domin sirinjin bai dace da bakin allurar ba, ruwan lakarsa ya yi ta zuba. Ta Hildebrandt ta kama, Bier ya ɗana masa wutar sigari a cinya, ya buga masa guduma a ƙwauri, bai ji komai ba. Suka yi liyafa a daren. Bayan haka dukansu biyu suka yi fama da matsanancin ciwon kai mai tsananta idan an miƙe, mai lafawa idan an kwanta, irin wanda wasu mata ke kuka da shi har yau bayan wannan allura. Bier sai da ya yi kwana tara a kwance, kuma shi ne ya fara danganta ciwon da zubar ruwan laka.